Shafi Na Arba'in Da Ɗaya

Assalamu alaikum mutanena, masu yi mini magana da masu leƙe su wuce shiru, duk ina ganinku. Yau ba hoton kitso na kawo muku ba, wasiƙu ne na takarda tsakanina da taubashiyata. Ku yi dariyarku, ni da waya ba ta barin hannuna ko ina wanke-wanke. A ciki har za ku ga ranar da na rubuta wasiƙa mai kalma bakwai kacal, ni da ake kira Rediyo a gida saboda surutu.

Bari in ɗan buɗe muku. Kawu yayan mamata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwarta. Sana'arsa ɗinkin littattafai, a shagon da ke ƙofar gidanmu. 'Yarsa ɗaya tilo tana wata jami'a mai nisa tana karatun shari'a, shi ya sa muke ce mata Lauya. Ni daga aji uku na sakandare na ajiye biro na kama kitso. Dokar Kawu ce duk wanda ya yi nisa ya rubuto wasiƙa da hannu. Akwai direban motar kaya da ke zuwa garinsu duk Talata ya dawo Asabar, shi ne gidan wayarmu.

Abin da Lauya ba ta sani ba shi ne idon Kawu yana tafiya. Ciwon nan ne mai cin gani daga gefe-gefe. Likita ya ce abin da ya rage bai fi na wata shida ba. Kawu ya rantsar da ni ba zan gaya mata ba, ko da baki ko a rubuce. Ya ce shi zai gaya mata ta hanyarsa, zai kuma roƙe ta ta zo hutu ya ga fuskarta tun da sauran gani. Su biyun sun yarda in nuna muku. Bismillah.

*

Zuwa ga Lauya mai gilashi,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya sauro, ya 'yan ɗakinku, musamman doguwar nan mai minshari? Mu nan alhamdulillahi. Ni dai ƙafata ke ɗan kumbura saboda tsayuwa, jiya kai bakwai na kitse, ta ƙarshen kuwa gashinta kamar soson ƙarfe. Kawu yana cin abinci, yana barci, yana yi mini faɗa a kan waya, kin ga ta wannan fannin yana nan yadda kika san shi.

To ga babban saƙo. Abin da ke cikin ledar nan ba littafin makaranta ba ne. Kawu ne ya rubuta miki da hannunsa, wata biyu cur, kullum da hantsi idan rana ta shigo ta tagar shago. Shafi sittin da huɗu. Shi ya ɗinke shi, ya sa masa bangon nan ruwan ƙasa da ya daɗe yana ɓoyo, wanda ya hana ko manyan malamai. Sau huɗu allura tana sukarsa. Ni na ja masa layuka na sa lamba a shafukan ƙarshe, in kin ga lamba ta karkace aikina ne, kada ki kai ni kotu.

Don Allah ki karanta. Ba irin karatun da nake yi wa takardar magani ba. Ki zauna, ki kife waya, ki bi shi har ƙarshe, sannan ki ba shi amsa. Tun yanzu ya fara ƙirga kwanakin Asabar.

Af, Malam Shaf-shaf yana gaishe ki, manhajar ƙirƙirarriyar basirar nan da na saka miki a waya wancan hutun. Shekaranjiya ya rubuta mini talla har wata ta tambaye ni ko digiri gare ni. Na ce biyu ma.

Taki,
Rediyo

*

Yaya Rediyo,

Na amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce. Doguwa ta ce a gaya miki minsharinta gado ne, ba ya jin magani.

Littafi ya iso. Wallahi da na buɗe ledar warin gam ɗin shagonmu ya buge ni, sai da na yi ƙwalla. 'Yan ɗaki suna ta shafa bangon. Ga wasiƙar Baba nan na haɗo a cikin ambulan, ki miƙa masa.

Yaya, Allah ya saka miki da Malam Shaf-shaf, da ba don shi ba da tuni an kwantar da ni. Malami ɗaya zai zube miki hukuncin kotu mai shafi casa'in ya ce jibi, kuma irinsa shida ne. Nan ba mai karanta abu daga farko zuwa ƙarshe yanzu. Ki ɗauki hoto, ki ba Malam, ya ba ki layi goma, ki haddace. Laburare ma ya koma wurin cajin waya da shan fanka. Littattafan da ke kan kanta har ƙura ta yi musu hula.

Yanzu riƙe kujera kada ki faɗi. Cikin mu ɗari biyu an zaɓi uku da za su je koyon aiki ofishin wata babbar lauya, kuma har da ni! Wata huɗu ne, a wani gari gaba da nan, ana gama jarrabawa za mu wuce. Don haka bana ba hutu, sai ƙarshen shekara za ku gan ni da baƙar riga. Na san Baba zai fi kowa murna.

Ki riƙa ɗaga ƙafar nan a kan filo.

Ƙanwarki,
Lauya

*

Lauya,

Muna lafiya. Ƙafa ta sace.

Na miƙa wa Kawu wasiƙarki ya ce in karanta masa, hannunsa duk gam. Na karanta. “Ya mahaifina abin alfaharina, haƙiƙa wannan littafi taska ce ta hikima da za ta haskaka mini hanyar rayuwa.” Haka kika yi ta jero su har shafi biyu. Ni har na fara sa murya irin ta masu labarai. Da na kai ƙarshe, inda kika ce ba za ki zo ba sai ƙarshen shekara, ya ce, “Shi ke nan? Duba bayan takardar.” Na juya, fari fat. Ya ce in sake karantawa daga farko, a hankali. Na sake.

Ya yi ta murza gam ɗin hannunsa har ya bushe ya fara ɓarewa. Can ya ce, “Kalamai sun miƙe kamar an bi su da dutsen guga. Yarinya ta girma.” Ya ce in rubuto miki yana taya ki murna, Allah ya sa albarka. To na rubuto.

Na ce, Kawu, in sake tambayarta? Ya ce, “Ta riga ta amsa, Rediyo.” Ya rufe shago tun kafin la'asar, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi.

Ni ban yi boko mai nisa ba, ban san me ake koya muku a can ba. Amma ban zaci mutum zai karanta abin da ke cikin littafin nan ya tsallake shi kamar kwata, ya zo yana maganar taska da hikima ba. Ashe haka zuciyarki ta bushe? Baƙar riga ai ba guduwa za ta yi ba. Akwai abin da in ya wuce ba a kamo shi.

Ba zan ƙara ba, bakina a ɗaure yake.

Rediyo

*

(Asabar biyu direba yana dawowa hannu wofi. Kawu yakan fito ya tsaya a ƙofar shago idan ya ji ƙarar motar, ya yi kamar iska yake sha. A ta uku wannan ta zo.)

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ina cikin jarrabawa, kuma wasiƙarki ta hana ni sukuni, shi ya sa na yi shiru don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Me na yi miki? Na kira Baba sau biyu, ya ce lafiya lau, in mai da hankali ga karatu. Ke kuma kina ce mini mai busasshiyar zuciya. Na juya maganarki ta kowace fuska, abu ɗaya na gano: kin gaji da hidimar gida ke kaɗai, kina so in zo in karɓe ki. To ki fito fili ki faɗa mana, ba sai kin laɓe a bayan Baba ba. Ko kuma zaɓen da aka yi mini ne ya tsaya miki a rai? Ba ni na ce ki bar makaranta ba, Yaya.

Kuma da kike cewa na tsallake, me na tsallake? Ga abin da ke cikin littafin, ki gwada ni. Yarintar Baba. Yadda ya koyi ɗinki a wajen maigidansa mai duka da rula. Haɗuwarsa da Mama. Haihuwata. Ranar da aka kawo ki gidanmu kina riƙe da takalmi ɗaya. Duk Malam Shaf-shaf ya fitar mini da su tsaf, shafi sittin da huɗu cikin minti biyu. Daga shafi na talatin da takwas ne kawai ya ce rubutun ya hau kan juna bai fito ba, amma da alama addu'o'i ne da nasihar uba ga 'ya. Na kuma san nasihar Baba, tun ina goye nake jinta. Amsar ma shi ya tsara mini don ta yi kyau, na kwafe da hannuna. Ina laifi a nan? Ran nan jarrabawa uku ke gabana. Ke da kika koya mini shi ke ce za ki zage ni a kansa?

Asabar mai zuwa zan rubuta jarrabawar ƙarshe, Litinin mu tafi. Na riga na ɗaure kaya, littafin yana ƙasan akwati, zan karanta a nutse in na samu sarari.

Lauya

*

(A tsaye na karanta ta, da rabin kitson wata mata a hannuna. Maganar barin makaranta ta soke ni, amma ba ita ce ta fi damuna ba. Ashe yarinyar nan ba ƙi ta yi ba, ba ta ma sani ba. Ga rantsuwa a wuyana, Talata kuma ta yi mini nisa. Na yagi takarda na rubuta wannan, na ɗauki hotonta na tura mata ta waya nan take.)

Shafi na arba'in da ɗaya. Da idonki.

*

Lauya,

Yau Talata, ga direba yana ɗaure kaya, a kan gwiwata nake rubutu. Gaisuwa a taƙaice, muna nan.

Tun Asabar alamar saƙona ta yi shuɗi, na san kin gani. Kika yi shiru. Lahadi na kira, a kashe. Jiya sau goma sha ɗaya, a kashe. Na kitsa wa wata layi a karkace sai da na warware. In fushi kike yi da ni, ki yi, har ki shekara. Na yarda na zage ki a kan abin da ban tabbatar ba, ki yafe mini. Na kuma yarda ni na saka miki abin nan da hannuna, ina ta yi miki burga. Jiya na buɗe shi zan rubuta talla na ji kamar in jefa wayar a bokiti. Amma shi me ya sani? Ai ya gaya miki bai iya karantawa ba, cewa ya yi “da alama”. Ke ce kika karɓi “da alama” kika rufe akwati.

Hidimar Kawu kuwa, ko a kaina za a ɗora shi ban gaji ba. Wannan ki goge ta daga ranki.

Labarin gida: jiya wuƙar yankan takarda ta sare shi a babban yatsa. Shekara arba'in yana riƙe da wuƙar nan ba ta taɓa shan jininsa ba. Na ɗaure masa. Yau da hantsi na shiga kai masa shayi na tarar ya sauko da hotonki na bango, na ranar da kika gama sakandare, ya kai shi bakin taga ya kusa manna shi da hancinsa. Da ya ji motsina ya ce ƙura yake gogewa.

Ban gaya miki komai ba fa. Abin da na gani kawai na rubuta, wannan ba ya cikin rantsuwa.

Ki buɗe akwatin nan, don girman Allah, kafin Litinin.

Yayarki, ko kina so ko ba kya so,
Rediyo

*

Yayata,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ki duba rubutuna ki ga lafiyata. Wannan ba mai tsara mini, duk inda na soke ki yi haƙuri.

Da saƙonki ya shigo tsaki na yi. Na nemo hoton shafin na sake ba Malam, ya sake cewa bai fito ba. Sai da safe na kwance akwatin don kawai in ƙaryata ki.

Yaya, na buɗe shafin na kasa. Layi a kan layi, wani ya gangara ya shige cikin wani, Baba da rubutunsa yake kamar na inji. Ban yi minti biyar ba hannuna ya kai kan waya. Na ajiye, na sake ɗauka, ban ma san na ɗauka ba. Sai na ji tsoron kaina. Na kashe ta na ba Doguwa na ce ta kulle a akwatinta, ko na yi kuka kada ta ba ni sai na gama jarrabawa. Na ɗauko rula na ɗora a ƙarƙashin layi, yadda Baba ya koya mini a kan bencin shago ina 'yar shekara biyar. Shafi ɗaya, daga safe har azahar. Ga abin da ya ce, na san kin sani, amma ina so in rubuta da hannuna:

“'Yata, idona yana tafiya. Duniya yanzu ta bututu nake leƙenta, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Likita ya ce watanni ne. Abu ɗaya nake roƙo, ki zo hutun nan in dube ki. Hoton bango ya shekara huɗu, ina so fuskar da zan riƙe a cikin duhu ta zama ta yanzu. Amma in karatu ya hana, kada ki wahalar da kanki neman uzuri. Ki yi shiru a kan wannan shafin kawai, zan gane, kuma na yafe tun yanzu.”

Na kuwa yi shiru, Yaya. Shafi biyu na rubuta masa na taska da hikima, na yi shiru a kan wannan. Abin da ya hana na'ura karantawa shi ne ainihin saƙon. Da na buɗe da idona sau ɗaya, ko ban gane kalma ba, karkacewar layin kaɗai ta isa ta gaya mini.

Na koma shafi na ɗaya na faro. Kwana huɗu ina yi tsakanin jarrabawa. Akwai abubuwan da ba su cikin layi goman nan. Kin san takalmi ɗayan da kika zo da shi yana nan a durowar zare har yau? Shafi na ashirin da tara. Ki yafe mini maganar makaranta, na ga dalilin da kika bari, shi ma yana ciki, ashe jinyar Mamata kika zauna yi don ni in tafi makaranta.

Na je na ce a ba wani gurbina. Malamin da ya zaɓe mu ya ce in yi tunani, irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Na ce na yi. An riga an ba wadda ta zo ta huɗu a jerin.

Na so in ari waya in kira, na fasa. Ba murya ya roƙa ba. Lahadi da safe zan shigo motar farko. Kada ki karanta masa wannan, ki ce masa kawai amsar shafi na arba'in da ɗaya tana hanya.

Ƙanwarki mai laifi,
Lauya

*

Mutanena, ta iso Lahadi rana ta yi sanyi, Kawu ya ce ba yanzu ba, hasken bai isa ba. Sai washegari da hantsi, Litinin ɗin da ya kamata a ce tana hanyar ofishin lauya, ya zaunar da ita a bakin tagar shago, daidai inda ya rubuta littafin. Ya ce ta cire gilashi. Ya riƙe haɓarta da hannun nan mai bandeji, ya faro daga goshi, yana tafiyar da kansa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya sauko gira, ya sauko ido. Fuskar ba ta shiga bututun gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan.

Ya ce, “Wannan tabon na kan hanci fa? Babu shi a hoto.”

Ta ce, “Gilashi ne, Baba.”

Aka jima, hawaye yana ta zuba a kan yatsunsa, ta ce, “Ka gama?”

Ya ce, “Ke dai tsaya. Ni ba na tsallake layi.”

Ni ina bakin ƙofa da tiren shayi, hanci duk majina. Bai juyo ba ya ce, “Rediyo, ke kika gaya mata?”

Na ce, “Wallahi Kawu lamba kawai na rubuta, kalma bakwai.”

Ya ce, “Bakwai? Ke? A nemo takardar nan in yi mata bango.”

Ita kuwa har yau ban yafe mata kwana bakwai ɗin da ta bar ni ina kiran waya a kashe ba, ko filashin ai sai ta ara ta yi mini.

Yanzu kullum da hantsi tana karanta masa littafinsa da rula, yana gyara mata inda ta yi sauri. Bututun ya ƙara tsukewa, amma ya ce ya riga ya haddace.

To ku fa? Ɗalibai musamman, kada ku ɓoye. Akwai abin da kuka ba na'ura ta taƙaita muku, daga baya kuka gano ta bar wurin da ya fi muhimmanci? Ko akwai dogon saƙon wani naku da ke jira a waya har yau ba ku buɗe ba? Ku rubuto mini a ƙasa, komai tsawonsa. Da idona zan karanta.